Taya ta taka farin zane: yaushe ɗan sandan Amurka ke da hurumin tsayar da direba?

Ƙarfe goma sha biyun dare ta ɗan gota, ranar 27 ga Maris, 2012, wata mota ƙirar Mercury Mountaineer tana tafe a babbar hanya mai lamba 275 a jihar Nebraska. Sai ta karkata sannu a hankali ta haura farin zanen bakin titi, ta yi daƙiƙa ɗaya ko biyu a can, direban ya fizgo sitiyari ya dawo da ita. Duk abin nan a kan idon wani ɗan sanda mai suna Morgan Struble. Dokar Nebraska ta hana tuƙi a filin gefen titi, saboda haka ya kunna fitila ya tsayar da motar. Direban, Dennys Rodriguez, ya ce rami ya kauce wa. Aka duba takardu, aka rubuta masa gargaɗi. Maimakon a sallame shi, sai Struble ya riƙe shi har wani jami'i ya iso, sannan ya zagaya motar da karensa mai sansano ƙwaya. Aka samu babban ƙunshi na metamfetamin.

A 2015 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta ce da zarar an gama abin da ya sa aka tsayar da mutum, ba a da ikon ƙara masa ko da minti bakwai zuwa takwas ɗin da aka ƙara wa Rodriguez, sai in akwai wani zargi dabam mai tushe. Hukuncin ya yi suna ƙwarai. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɓangaren da ba a yi gardama a kansa ba a gaban kotun, wato daƙiƙa biyun farko. A Nebraska dokar ta fito fili, shi ya sa aka wuce wurin. A wasu jihohin kuwa a kan waɗannan daƙiƙoƙi ake kashe kuɗin lauya, kuma manyan kotuna sun fi shekara 25 suna saɓa wa juna a kansu.

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Kaduna, ko Maraɗi zuwa Damagaram, zai yi mamakin yadda magana irin wannan ke kaiwa gaban alƙali. A wurinmu ana ɗaga maka hannu ka taka birki, ba ka tambayar dalili. Ba mu kaɗai ba ne. A Birtaniya sashe na 163 na dokar hanya ta 1988 ya ba ɗan sanda mai kaki ikon tsayar da duk motar da ya ga dama, Kotun Ƙolin Kanada ma ta amince da irin wannan a 1990. Amurka ta bi wata hanya dabam. Gyara na huɗu a kundin tsarin mulkinta, wanda ya fara aiki a 1791, ya haramta kame da bincike marasa dalili, kuma kotuna suna lissafa tsayar da mota cikin kame, ko da na minti biyu ne. A 1979, a shari'ar Prouse daga jihar Delaware, Kotun Ƙoli ta ce ɗan sandan sintiri ba zai zaɓi mota haka kawai ya tsayar don duba lasisi ba. Ma'aunin da ake bi, wanda ya samo asali daga shari'ar Terry ta 1968, shi ne zargi mai tushe. Ba a neman tabbaci daga ɗan sanda, amma "jikina ne ya ba ni" bai isa ba. Sai ya faɗi abin da idonsa ya gani, alƙali ya auna.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Tun shari'ar Mapp ta 1961, shaidar da 'yan sanda suka samo ta haramtacciyar hanya ba ta shiga kotunan jihohi, kamar yadda da ma ba ta shiga na tarayya. In tsayarwar ta ɓaci, yawanci abin da ya biyo bayanta ya bi ta: warin giya a bakin direba, gwajin numfashi, bindigar da ke ƙarƙashin kujera, hodar iblis ɗin da ke cikin but. Sashe na 14 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ya ɗauki akasin haka, domin a can shaidar tana shiga sai in alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Wannan bambanci ne ya sa lauyan Amurka ba ya wahalar da kansa yana musun cewa an samu kaya a motar. Komawa baya yake yi ya tsare ɗan sanda da tambayoyi: taya nawa ta haura zanen, inci nawa, na daƙiƙa nawa, akwai iska a ranar, akwai wata mota kusa?

Da a ce niyyar ɗan sanda tana cikin lissafi, da gardamar ba ta taru a kan fenti ba. Amma a 1996 Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa baki ɗaya. A shari'ar Whren, 'yan sandan farin kaya masu farautar ƙwaya a birnin Washington sun ga wata mota ta daɗe tsaye a mahaɗa, sannan ta karya kwana ba sigina. Suka tsayar da ita suka samu hodar iblis. Lauyoyi suka ce laifin hanyar fakewa ce kawai, kuma dokokin tuƙi sun yi yawan da ba direban da zai iya kiyaye su duka, don haka duk wanda ɗan sanda ya sa wa ido zai samu abin kama shi da shi. Alƙalai tara duka suka ƙi wannan hujja. Mai shari'a Antonin Scalia ya rubuta cewa muddin an ga laifin hanya, abin da ke zuciyar jami'in bai shafi gyara na huɗu ba, mai ƙorafin wariyar launin fata kuma ya nemi haƙƙinsa ta wani sashe dabam. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta rage: an yi laifin ko ba a yi ba?

Ga mai farautar dalili, babu laifin da ya kai ficewa daga layi daɗi. Gudu yana buƙatar na'urar aunawa. Fitilar da aka ce ta mutu ana iya kunna ta a gani. Amma taya ta haura zane ta dawo, ba ta bar alama, maganar ɗan sanda ce kawai da ta direba. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki. A yi lissafi ma: faɗin layi ɗaya a manyan hanyoyin tarayya ƙafa 12 ne, faɗin tirela kuma ƙafa takwas da rabi, abin da ya rage wa direba bai kai ƙafa biyu ta kowane gefe ba. Motar da ke gudun mil 65 a awa tana cin ƙafa 95 a daƙiƙa guda. Direba ya ga fitilun motar 'yan sanda a bayansa, ya ɗaga ido ya duba madubi na daƙiƙa biyu, ya riga ya yi tafiyar ƙafa 190 hankalinsa a rabe. Lauyoyi sun sha kawo wannan hujja, cewa bin da ɗan sandan ya yi ne ya haifar da abin da ya ce ya gani.

Dokar da ake ta ja-in-ja a kanta gajera ce. Yawancin jihohi sun kwafo ta ne daga wani kundin dokokin hanya na bai-ɗaya da aka fara tsarawa a 1926 don jihohi su yi koyi da shi. Abin da ta ce shi ne a tuƙa mota cikin layi ɗaya gwargwadon yadda zai yiwu, kuma kada a fitar da ita daga layin sai direba ya tabbatar yin hakan ba shi da haɗari. Jimla ɗaya ce, amma kusan kowace gaɓa tata an kai ta kotu.

A fara da "gwargwadon yadda zai yiwu". Masu rubuta dokar sun san mota ba jirgin ƙasa ba ce, shi ya sa suka bar sarari. Nawa ne sararin? A 1996, a shari'ar Gregory, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yankin Utah ta duba batun wata motar kwashe kaya ta kamfanin U-Haul da ta shiga filin gefen titi da kamar ƙafa biyu, sau ɗaya. Hanyar ta cikin duwatsu ce, mai kwana-kwana, ga iska tana kaɗawa. Kotun ta ce kowace mota na iya yin haka a irin wannan yanayi, ba laifi. Shekara uku bayan nan, kotun nan dai, a shari'ar Ozbirn daga Kansas, ta halatta tsayar da wata babbar mota mai ɗakin kwana a ciki wadda ta haura zanen sau biyu cikin rubu'in mil, alhali hanya lafiya, gari a washe, ba cunkoso. Ba saɓa wa kanta ta yi ba. Cewa ta yi ba lissafin "sau ɗaya halal, sau biyu haram" ake yi ba, ana duba ko akwai abin da zai hana direba mai lura tsayawa a layinsa.

Wasu kotunan sun bi wannan sahu. A 2000 kotun tarayya mai kula da Tennessee, a shari'ar Freeman, ta yi lissafi ta gano cewa ficewar ƙafa 20 zuwa 30 da ɗan sanda ya ce ya gani kusa da Memphis ba ta wuce sulusin daƙiƙa ba, ta yi watsi da tsayarwar. A 2001 babbar kotun Maryland, a shari'ar Rowe, ta ƙi yarda cewa haura zanen da kamar inci takwas sannan a sake taɓa shi ya isa dalili. Shari'ar da na fi so a wannan rukuni ita ce ta Marx, daga Kansas a 2009. Murfin ƙafar wata mota mai ɗaki ya fice ya faɗi, wani jami'i ya tsinta ya bi su, a hanya ya ce ya ga motar ta haura zanen gefe, ta dawo ta haura na ɗaya ɓangaren. Kotun Ƙolin jihar ta ce mayar da murfin taya ba lamarin ceton rai ba ne da zai halatta kame. Game da zanen kuma ta ce dole a nuna abin da ya wuce ɗan gocewa na tsautsayi, kuma nauyin nunawar a wuyan gwamnati yake. Jami'in bai faɗi nisan da motar ta fita ba, bai faɗi yanayin hanyar ba, don haka hujjar ta rushe. Abin da ya burge ni a nan shi ne kotun ba ta ce direban bai yi laifi ba, cewa ta yi wanda ya yi kamen bai kawo abin da za a auna ba.

Ohio ta tsaya a ɗaya gefen. A shari'ar Mays ta 2008, jami'i ya ga mota ta haura farin zanen sau biyu da kamar faɗin taya ɗaya. Kotun Ƙolin jihar ta ce wannan ya isa, domin ba aikin ɗan sanda ba ne ya tsaya a bakin titi yana tantance ko direba yana da uzuri. Uzuri a gaban alƙali ake kawo shi. Maganar tana da ƙarfi, kuma ba na raina ta: in za a ce sai jami'i ya kawar da kowane uzuri kafin ya tsayar da mota, ba zargi ake nema daga gare shi ba ke nan, tabbaci ne. Sai dai a 2020, a shari'ar Turner, kotun nan ta Ohio ta ja iyaka, ta ce hawa kan zanen ba tare da haura shi ba bai saɓa doka ba. Kotun tarayya mai kula da Kalifoniya ta riga ta faɗi haka tun 2002 a shari'ar Colin, Idaho ma ta bi a 2015. Mai karatu zai iya yin dariya cewa manyan alƙalai sun zauna suna muhawara ko fenti mai faɗin inci huɗu zuwa shida yana cikin layi ko yana wajensa, amma shekarun ɗaurin mutane sun rataya a kan amsar.

Sai kalmar "kuma" da ke tsakiyar jimlar, wadda ta fi wahalar da Teksas. Laifi ɗaya dokar ta kafa mai sharaɗi biyu, ko laifi biyu ne masu zaman kansu? In ɗaya ne, sai direba ya fita daga layi kuma fitar ta zama mai haɗari kafin a ce ya yi laifi, wanda ya goce a hanyar da ba kowa da ƙarfe ukun dare bai taka doka ba. In biyu ne, ficewar kaɗai ta wadatar. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta Austin, a shari'ar Hernandez, ta ce ɗaya ne. A 2016, a shari'ar Leming, wasu alƙalan babbar kotun laifuka ta jihar suka ce biyu ne, amma ba su kai rinjayen da zai mai da ra'ayinsu doka ba. Ƙananan kotuna suka rabu, kowace ta kama wanda ta ga dama. Sai a 2022 aka raba gardama a shari'ar Hardin, inda tayar baya ta wata motar U-Haul ta ɗan hau zanen da ke tsakanin layuka a Corpus Christi ba tare da wata mota a kusa ba. Kotun ta ce laifi ɗaya ne, in babu haɗari babu laifi.

Da maganar ta ƙare a nan, sai a ce direbobi sun yi nasara. Amma akwai wani hukunci na 2014 da ke cin irin wannan nasara ta ƙasa. A shari'ar Heien, wani jami'i a North Carolina ya tsayar da mota saboda fitilar birki ɗaya ta mutu, aka samu hodar iblis. Daga baya kotun jihar ta gano cewa tsohuwar dokar fitila ɗaya kawai ta wajabta, ashe direban bai yi laifin komai ba. Duk da haka Kotun Ƙoli, takwas a kan ɗaya, ta ce tsayarwar ta halatta, domin kuskuren da jami'in ya yi wajen fahimtar dokar kuskure ne da mai hankali zai iya yi. Mai shari'a Elena Kagan ta yi ƙoƙarin taƙaita abin, ta ce sai inda dokar ke da ruɗani na gaske, kuma da wuya a samu irin haka. Sonia Sotomayor kaɗai ta ƙi. To ina dokar da ta kai ta layi ruɗani? A 2024, a shari'ar Daniel, babbar kotun laifuka ta Teksas ta duba wata tsayarwa da aka yi kafin hukuncin Hardin, ta ce tunda alƙalai ma sun rabu a lokacin, ba za a ga laifin ɗan sanda ba. Aka bar shaidar ta tsaya. Talaka in ya jahilci doka ba a yi masa uzuri, jami'in da aikinsa ke nan kuwa ana yi masa. Kuma muddin jiha ba ta samu hukuncin da ya fayyace dokarta ba, ruɗanin kansa ya zama lasisin tsayarwa.

Duk wannan ƙofa ɗaya ce, ta laifin hanya. Akwai ta biyu, kuma ita ce ta fi wuyar rufewa, domin dalilinta na gaskiya ne. Ko direba bai karya dokar layi ba, yadda yake tuƙi na iya sa a yi zargin yana cikin maye, ko gyangyaɗi, ko ciwo ya kama shi. A 2022 mutum fiye da 13,000 suka mutu a Amurka a haɗurran da suka shafi direba mai maye, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen hanya. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayya kuma tana cewa kimanin rabin mace-macen hanya suna faruwa ne bayan mota ta bar layinta ko ta sauka daga titi. Ba wanda zai ce wa ɗan sanda ya jira sai mota ta afka wa wata kafin ya motsa. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, tana da ɗan littafin horo mai alamomi 24 na direba mai maye, inda ta ƙiyasta cewa matsalar riƙe layi, kamar tangaɗi, gocewa da raba ƙafa a kan zane, tana nuna yiwuwar maye da kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari. Masu gabatar da ƙara suna son waɗannan alƙaluma. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne an tattara su ne daga direbobin da 'yan sanda suka riga suka zaɓa suka tsayar, ba daga duk mai gocewa a hanya ba.

A wannan ƙofa ba a ma buƙatar a taɓa zane. A shari'ar Post ta 2007, Kotun Ƙolin Wisconsin ta ƙi yarda cewa tangaɗi cikin layi ɗaya shi kaɗai ya isa a kowane hali, amma ta halatta tsayarwar da ke gabanta, domin motar ta yi ta lanƙwasa daga wannan gefe zuwa wancan a fili mai faɗin ƙafa 22 zuwa 24, da ƙarfe tara da rabi na dare. A ɗaya ɓangaren akwai gargaɗin da kotun tarayya ta yi tun 1993 a shari'ar Lyons, wanda har yau ake ambato: in rashin bin miƙaƙƙen layi sak ya isa a zargi mutum da maye, to kullum za a riƙa kutsa wa babban kaso na jama'a cikin rayuwarsu. Abin da kotuna ke dubawa a nan sananne ne. Sau nawa, cikin wane nisa, a hankali aka goce ko da fizga, ƙarfe nawa, kusa da mashaya ko nesa, akwai canjin gudu ba dalili. Ba ɗaya daga ciki da ke yanke hukunci shi kaɗai, kuma wannan ne ya sa sakamakon ke bambanta daga alƙali zuwa alƙali.

Kotun Ƙoli ta ƙara faɗaɗa ƙofar a 2014 a shari'ar Navarette. Wata mata ta kira lambar gaggawa ta ce wata motar ɗaukar kaya ta ture ta daga titi a gundumar Mendocino ta Kalifoniya, ta ba da lambar motar. 'Yan sanda suka same ta, suka bi ta na kimanin minti biyar ba su ga ko gocewa ɗaya ba, suka tsayar da ita duk da haka, aka samu wiwi kusan kilo 14. Alƙalai biyar suka ce kiran ya isa zargin maye. Scalia, wanda ya rubuta hukuncin Whren, a nan shi ya jagoranci masu ƙin amincewa, yana cewa minti biyar na tuƙi mai tsabta ya kamata ya rushe zargin, domin mai maye ba ya iya ajiye mayensa don ya ga 'yan sanda.

Kyamarar gaban motar sintiri ta rage wani abu daga matsalar "maganata da taka". Tun a 2000 Kotun Ƙolin Tennessee, a shari'ar Binette, ta kalli faifan da kanta ta ce ba ta ga tangaɗin da zai halatta tsayarwa ba. Sai dai kyamara ba ta kashe gardama ba. Da yawa daga cikinsu 'yan daƙiƙoƙin da suka gabaci kunna fitila kawai suke adanawa, jami'i kuma yana iya cewa abin da ya gani ya faru kafin nan. Da dare ma, daga nisa, taya da zane ba sa fitowa sosai.

Akwai wani abu da nake ganin ya gurɓata duk wannan fanni na shari'a, kuma ba laifin wani alƙali ba ne. Kusan duk shari'ar da na ambata, an samu wani abu a motar ko a jinin direban. Haka tsarin yake: wanda aka samu da kaya ne kaɗai ke da dalilin ɗaukar lauya ya nemi a yi watsi da shaida. Matar da ta taso daga aikin dare a asibiti, ko ɗan Gana ko ɗan Nijar da ke tuƙin Uber a New York, in aka tsayar da shi don taya ta taɓa zane, aka yi masa tambayoyi, aka leƙa motarsa ba a ga komai ba, gargaɗi zai karɓa ya tafi. Ba alƙalin da zai taɓa jin labarinsa, kuma kai ƙarar jami'i don neman diyya abu ne mai tsada da wuyar ci saboda kariyar da doka ta ba jami'ai. Saboda haka alƙali yana tsara dokar da za ta hau kan miliyoyin mutane alhali fuskar mai laifi kaɗai yake gani, kuma kowane lokaci zato ya riga ya zama gaskiya kafin fayil ya iso teburinsa. Ana tsayar da direbobi kimanin miliyan 20 a shekara a Amurka. Masu bincike na jami'ar Stanford sun nazarci bayanan tsayarwa kusan miliyan 100, suka wallafa a 2020 cewa kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa bayan duhu ya shiga, lokacin da ganin fuskar direba ke wuya. Sandra Bland, wata baƙar fata wadda ta mutu a gidan waƙafi na gundumar Waller a Teksas a Yulin 2015, kwana uku bayan kama ta, sauya layi ba sigina ne ya sa aka tsayar da ita.

A ganina ma'aunin Kansas ya fi kusa da adalci. Ficewa ɗaya, ƙarama, wadda ba ta jefa kowa cikin haɗari ba, bai kamata ta isa ba, kuma jami'in da ya ce abin ya wuce haka shi zai kawo bayani dalla-dalla. Wannan bai ɗaure hannun mai neman direba mai maye ba. Abin da ake nema daga gare shi kawai ya ƙara bin motar na ɗan lokaci, domin mai maye na gaske da wuya ya yi kuskure ɗaya ya tsaya a nan. In kuwa ficewar farko mai haɗari ce, kamar haura zanen tsakiya zuwa hannun masu tahowa, da ma kusan ba kotun da ke jayayya a kai.

Ba a sa ran Kotun Ƙolin Amurka ta daidaita wannan, domin fassarar dokar hanya hurumin kowace jiha ne. Babbar hanya mai lamba 70 ta taso daga Utah ta ratsa Kansas da Ohio ta ƙare a Maryland, direban tirela ɗaya da tuƙi iri ɗaya yana sauya matsayi a gaban doka duk lokacin da ya tsallaka iyaka. Wasu jihohin sun taɓo tushen matsalar ta tsarin mulkinsu, kamar jihar Washington, inda Kotun Ƙolin jihar ta haramta tsayarwar fakewa a shari'ar Ladson ta 1999. Wasu kuma ta majalisa suka bi. Virginia daga 2021, da birnin Philadelphia daga 2022, sun hana tsayar da mota saboda wasu ƙananan abubuwa kamar abin da aka rataya a madubi ko fitila ɗaya da ta mutu. Kalifoniya daga farkon 2024 ta wajabta wa jami'i ya faɗi dalilin tsayarwa kafin ya fara tambayoyi. Sai dai Virginia da Philadelphia duka ba su sa ficewa daga layi cikin jerin abubuwan da suka cire ba, saboda ana lissafa shi cikin laifukan da ke iya kashe mutum.